WAƘOƘIN IBRANIYAWA NA DĀ A KUNNEN BAHAUSHE: DA WANE MA'AUNI ZA A AUNA SU?

1.0 GABATARWA

Abu na farko da ɗalibin adabin Hausa yake nema in an miƙa masa waƙa a takarda shi ne amsa-amo. Zai bi ƙarshen ɗango da ido, sa'an nan ya koma ya ƙirga gaɓoɓi don ya gano karin da aka ɗora ta a kai. In ya sami waɗannan biyu ya ce waƙa ce, in ya rasa su ya ce zube ne aka daddatsa. Wannan hukunci shi ne yakan faɗa wa Zabura da Ayuba da Makoki da Waƙar Waƙoƙi a duk lokacin da suka shigo ajin adabi cikin fassararsu ta Hausa. Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne, domin masana sun ƙiyasta cewa kusan sulusin Tsohon Alkawari, wanda shi ne littafin Yahudawa kuma kashin farko na littafin Kirista, waƙa ne.

Wannan takarda tana da'awar abu ɗaya. Bahaushe yana da ma'auni biyu na waƙa: na rubutacciya, wanda ya aro daga Larabawa, da na baka, wanda ya gada daga kakanninsa. Na biyun ne ya dace da waƙar Ibraniyawa ta dā, kuma zaɓen ma'aunin yana taɓa ma'anar da ake fitarwa daga nassi, har da abin da mai wa'azi zai gaya wa jama'a. Za mu duba yadda waɗannan waƙoƙi suka iso ƙasar Hausa, mu auna su da kowane ma'auni, sa'an nan mu nuna inda kwatancin ya tsaya. Ba za mu shiga batun aƙida ba, wato ko Zaburar da ke hannun mutane a yau ita ce wadda aka saukar ko ba ita ba ce. Wannan fage ne na malaman addini. Namu fagen shi ne zubi da salo da ma'ana.

2.0 ZABURA A ƘASAR HAUSA

Sunan Zabura ya riga littafin zuwa ƙasar Hausa da ƙarnuka. Alƙur'ani ya ambaci Zaburar da aka bai wa Annabi Dawuda a Suratun Nisa'i aya ta 163 da Suratul Isra'i aya ta 55. A Suratul Anbiya'i aya ta 105 kuma an ambaci abin da aka rubuta a cikinta game da gādon ƙasa da salihan bayi za su yi, kuma manazarta sun daɗe suna gwama wannan aya da Zabura 37:29. Akwai kuma hadisin da aka yabi muryar Abu Musal Ash'ari aka kwatanta ta da mizmari daga mazamiran iyalin Dawuda. Kalmar mizmor, wadda take kan Zabura da yawa a Ibrananci, tushenta ɗaya da wannan kalma ta Larabci. Saboda haka almajirin allo a Jama'a ko Getso ya san Dawuda da daɗin murya ko da bai taɓa ganin nassin ba.

Shi nassin ya shigo ta hannun Turawa. Likita William Baikie, wanda ya zauna a Lokoja, ya ziyarci Kano a 1862, ya rasu a Saliyo a 1864, ya bar fassarar Zabura da Hausa wadda aka buga a 1881, shekara ɗaya bayan Sabon Alkawarin da J. F. Schön ya fassara. A 1900 ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu ya sallame su. Ɗaya daga cikin ayarin, Dakta Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, kuma shi ne jigon aikin da ya haifar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. An sake fassara shi a 1979.

A yammacin Kano mishan ta SIM ta kafa tashoshi a wurare irin su Kabo da Tofa, kuma majami'un da suka fito daga aikinta suka zama ECWA a 1954. Galibin waɗanda suka karɓi Kiristanci a wannan yanki Maguzawa ne. Ya kamata a lura da wannan, domin su masu karatu ne waɗanda Hausa harshen uwa ne gare su, kuma gadonsu na waƙa shi ne na baka: waƙar noma da daka da niƙa da biki da kirari. A cikin Maguzawan yammacin Kano ne Joseph Greenberg ya yi bincikensa a 1938 zuwa 1939, kuma shi ɗin ne a 1949 ya rubuta maƙalar da ta nuna dangantakar karin rubutacciyar waƙar Hausa da arulin Larabci. Ke nan ma'aunai biyun da muke magana a kansu sun daɗe suna zaune kusa da juna a wannan ƙasa.

3.0 MA'AUNIN ARULI

Malaman jihadi da waɗanda suka biyo bayansu sun ɗora waƙar Hausa a kan ilmin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, mai bahari 15 da aka ƙara wa ɗaya daga baya. Ma'anar waƙa da suka gada ita ce ta Ƙudama ɗan Ja'afar, wato magana mai awo mai ƙafiya wadda take nuni ga ma'ana. Aikin M. K. M. Galadanci da na Mervyn Hiskett, duka a 1975, sun bayyana yadda wannan aure ya ɗauru. Hausa ta karɓi aruli cikin sauƙi domin gaɓoɓinta iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, kamar na Larabci.

Waƙar Ibraniyawa ta dā ba ta cika ko ɗaya daga sharuɗɗan Ƙudama biyu na farko ba. Ba ta da amsa-amo na ƙa'ida, sai dai wanda ya faɗo jefi-jefi saboda kamancin ɗafa-ƙeya. Ba ta kuma da awon gaɓoɓi da za a iya yankawa ƙafa-ƙafa. Ɗalibinmu ba shi ne ya fara cin karo da wannan ba. A ƙarni na farko Josephus, yana rubuta wa masu jin Girkanci, ya ce waƙar Musa a bakin teku tana kan karin Girkawa mai ƙafa shida. A ƙarshen ƙarni na 4 Jerome ya faɗi irin haka game da littafin Ayuba. Kowannensu ya ɗauko ma'aunin da masu sauraronsa suke girmamawa ya aza wa nassin, don kada a raina shi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Yahudawan Andalus. A ƙarni na 10, a Ƙurɗuba, Dunash ben Labrat ya fara tsara waƙar Ibrananci a kan arulin Larabci da ƙafiya guda, daidai abin da malamanmu suka yi wa Hausa ƙarnuka bayan haka. Sabuwar waƙa ta bunƙasa, amma ta haifar da tambaya mai zafi: in wannan ita ce waƙa, to mene ne Zabura? Musa ibn Ezra ya rubuta littafi da Larabci a ƙarni na 12 yana neman adon balagar Larabawa a cikin nassin. Yahuda Halevi kuwa, wanda shi kansa gwanin aruli ne, ya kafa hujja cewa rashin awon gata ne, domin nassin an yi shi don ya isar da ma'ana kamar yadda mai magana fuska da fuska yake yi da dakatawa da ɗaga murya. Abin da wannan tarihi ya koya mana shi ne harshe ɗaya yana iya ɗaukar al'adun waƙa biyu, kuma ƙa'idar ƙanwa ba ta hukunta ya.

4.0 JERIN SARƘE

Ginshiƙin waƙar Ibraniyawa shi ne abin da manazartanmu suke kira jerin sarƙe. Layin waƙa yakan kasu gida biyu, wani lokaci uku, kowane gida da kalma biyu zuwa huɗu, da ɗan numfashi a tsakani. Gida na biyu yana amsa wa na farko ta ma'ana ko ta ginin jimla ko ta sauti. Gajartar tana da ban mamaki. Ayar farko ta Zabura 23, in aka cire kan maganarta, kalma 4 ce kacal a Ibrananci, domin harshen yana liƙa wakilin suna da harafi a jikin kalma. Mai fassara da Hausa dole ya ninka adadin, kuma a nan ne kaifin yake fara dushewa.

Robert Lowth, a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Oksfod aka buga a 1753, shi ne ya kasa jerin sarƙen gida uku. Akwai na daidaito, inda gida na biyu ya sake faɗin na farko da wasu kalmomi, kamar farkon Zabura 19 inda sammai suka sami abokin tafiya a sararin sama. Akwai na bambanto, inda aka gwama kishiyoyi, kamar mai hikima da wawa ko adali da mugu, wanda ya cika surori 10 zuwa 15 na littafin Karin Magana. Na ukun shi ne na cikawa, inda gida na biyu ya ci gaba da zancen. Wannan kashi na uku tamkar buhu ne da Lowth ya zuba duk abin da ya ƙi shiga biyun farko.

Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. In ya ce gaba kura, baya sayaki, ya yi jerin daidaito da tagwayen kalmomi, kuma bai sa aikatau ba. In ya ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, ya yi na bambanto. Karin maganar Ibraniyawa masu fifita wani abu a kan wani suna da 'yan'uwa a duk karin maganarmu da ke ɗauke da "ya fi" ko "gara". Tagwayen kalmomin ma gado ne na mawaƙa. Allunan da aka tono a Ras Shamra ta ƙasar Siriya daga 1929, na tsohon birnin Ugarit, sun nuna mawaƙan Kan'ana suna gwama azurfa da zinariya, sama da ƙasa, dubu da dubu goma, tun kafin zamanin Dawuda. Haka makaɗin fada yake da nasa tagwaye a ajiye, giwa da zaki, gabas da yamma, maza da mata, yana jawo su a take in kiɗa ya matsa.

Gyara mafi muhimmanci ga Lowth ya zo daga James Kugel a 1981 da Robert Alter a 1985. Sun nuna cewa daidaito na gaskiya da wuya ake samunsa. Gida na biyu yakan ƙarfafa na farko, ko ya ƙuntata shi daga gama-gari zuwa takamaimai, ko ya kai shi ga sakamakonsa. Karin maganarmu ta mai haƙuri ta isa misali: shi kan dafa dutse, har ya sha romonsa. Kashin farko ya riga ya cika ma'ana, na biyun ya ɗaga ta sama. Wannan 'yar kalma "har" ita ce mabuɗin da ya kamata mai karatun Zabura ya riƙe, ko da ba a rubuta ta ba.

5.0 TASIRIN ZUBI A KAN TAFSIRI

Kuskure iri biyu ne yake jiran mai tafsiri a nan. Na farko ya ɗauki gida biyun abubuwa biyu ne daban. Na biyu ya ɗauke su abu ɗaya ne tak, ya watsar da gida na biyu kamar ɓawo.

Tsofaffin malaman Yahudawa sun fi karkata ga na farko, bisa ƙa'idarsu cewa babu kalmar banza a cikin nassi, don haka kowane gida sai an fitar masa da nasa hukunci ko labari. Ana ganin irin wannan karatu a Sabon Alkawari ma. Zakariya 9:9 ta kwatanta sarki mai tawali'u a kan jaki, gida na biyu ya fayyace cewa ɗan aholaki ne. Dabba ɗaya ce, an ƙuntata siffarta. Markus da Luka da Yahaya sun ba da labarin shigar Isa Urushalima da dabba ɗaya, amma Matiyu a sura ta 21 ya kawo biyu, jaka da ɗanta. Haka Zabura 22:18, inda rabon tufafi da jefa kuri'a a kan sutura suke jere, Yahaya 19:23-24 ya ba da su a matsayin ayyuka biyu. Masu sharhi na tsakiyar zamani, irin su Ibrahim ibn Ezra da Dawud Kimhi, sun juya ga ɗaya ɓangaren, suna yawan rufe aya da cewa maimaicin ma'ana ne da kalmomi daban.

Misalai biyu za su nuna abin da ake samu in aka bi tsakiya. Littafin Mahukunta ya ba da labarin mutuwar Sisera, sarkin yaƙin Kan'aniyawa, sau biyu: a zube a sura ta 4, a waƙe a sura ta 5. A zuben, ya gudo ya shiga alfarwar Yayel, ya roƙi ruwa, ta ba shi madara, ya yi barci, ta kashe shi da turken alfarwa. A waƙar kuwa abin sha yana hawa mataki-mataki, daga ruwan da aka roƙa zuwa madara zuwa kindirmo a akushin manya. Mai ƙirga abubuwa zai tambaya me ta ba shi a cikin biyun. Mai cewa maimaici ne zai wuce. Amma duk wanda ya san cewa haƙƙin baƙo ruwa ne, kuma in aka kawo masa fura da nono an girmama shi, zai ji yadda karramawar take ƙaruwa daidai lokacin da ajali yake matsowa. Bayan haka waƙar ta faɗi faɗuwarsa har sau uku, alhali a zuben yana kwance ne. Mawaƙiyar tana jan lokacin ne don masu sauraro su ƙoshi da ganin faɗuwar azzalumi, kamar yadda makaɗin maza yake yi in ya zo wurin da aka kā da abokin karawa.

Misali na biyu yana cikin 1 Sama'ila 18. Mata sun fito taryen mayaƙa da kiɗa, suka ba Sarki Saul, wato Ɗalutu, dubbai a gida na farko, suka ba Dawuda dubbai goma a gida na biyu. Wasu masana sun ce Saul bai fahimci waƙa ba, tun da dubu da dubu goma tsofaffin tagwaye ne, kuma ƙa'ida ce babban adadi ya zo daga baya, kamar yadda uku da huɗu suke jere a farkon littafin Amos. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ƙa'ida ta tilasta babban adadi ya zo a ƙarshe, ba ta tilasta sunan da za a sa a wurin ba. Duk maroƙin da ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ya san ba a yi wa hakimi kirarin da ya ɗara na sarki a gaban sarki. Saul ya ji waƙar da kunnen basarake, kuma abin da ya ji yana cikinta.

6.0 AMSHI DA NAU'O'IN WAƘA

Kamancin bai tsaya ga layi ba. Zabura 136 tana da aya 26, kuma kowace ta ƙare da jimla ɗaya ba canji. A takarda abin yana gundura, a baki kuwa jagora ne da 'yan amshi. Zabura 107 tana komawa ga gindinta sau huɗu, Zabura 42 da 43 kuma gindi ɗaya suke da shi wanda ya zo sau uku, dalilin da ya sa masana suke ganin asalinsu waƙa ɗaya ce. A Fitowa 15 an nuna Maryamu 'yar'uwar Haruna da bandiri a hannu, mata na biye da ita suna rawa, tana karɓa wa maza. Kan maganar Zabura da yawa yana ambaton shugaban mawaƙa da kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa. Kalmar sela ta zo sau 71 a Zabura, kuma ga alama umarni ce ga makaɗa. Kiɗan ya ɓace. Abin da ya rage mana kamar a rubuta waƙar Narambaɗa ne a takarda a miƙa wa wanda bai taɓa jin kotso ba.

Sai dai akwai inda alƙalami ya nuna kansa. Zabura 119 tana da aya 176, an kasa su gida 22 bisa adadin haruffan Ibrananci, kowane harafi da aya 8 da suka fara da shi. Surori huɗu na farkon Makoki da ƙarshen littafin Karin Magana su ma a kan abajada aka jera su. Wanda ya san Ishiriniya ta Alfazazi, mai baiti ashirin ga kowane harafi, ba zai ga baƙon abu ba. Wannan ado ne da ba ya ƙetare fassara, don haka wajibin malami ne ya gaya wa ɗalibi yana nan.

Sanin nau'in waƙa ma sharaɗi ne na tafsiri. Hermann Gunkel, a sharhinsa na 1926, ya kasa Zabura 150 ɗin bisa wurin da ake rera su: yabon Ubangiji, kukan jama'a, kukan mutum ɗaya, godiya, da waƙoƙin sarauta. Haka mu ma muke rarrabe waƙar fada da ta noma da ta maza, kuma ba ma ɗaukar zambo a matsayin shaidar kotu. Muhimmancin wannan ya fi fitowa a Zaburorin la'ana, irin su 109 da 137. Ta 137 kukan waɗanda aka kwasa bauta zuwa Babila ne bayan rushe Urushalima wajen 586 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ta ƙare da fatar mummunan sakamako a kan jariran maƙiyi. Tsofaffin malaman Kirista sun yi mata tawili suka ce jariran su ne miyagun tunani tun suna ƙanana. Cocin Katolika kuma, a littafin addu'o'in yini da ta sabunta a 1971, ta tsallake Zabura 58 da 83 da 109 gaba ɗaya. Nazarin nau'i yana ba da hanya ta uku: wannan muryar wanda aka zalunta ce, marar makami, yana kai ƙara gaban Allah, irin abin da Bahaushe yake nufi in ya ce Allah ya isa. Babu umarni ga kowa a cikinta. A ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, kamar yadda aka gani a Kano a 1982 da 1991 da 2004, malamin da ya bar ɗalibinsa ya fita bai san bambancin kuka da umarni ba ya bar wuta a gindin rumbu.

7.0 INDA KUNNEN BAHAUSHE ZAI YAUDARE SHI

Kamancin zubi ba ya nufin kamancin duniya. Wasu siffofi suna shiga kai tsaye: ƙaiƙayin da iska take kwashewa a Zabura 1 kowace mai shiƙa ta san shi, kuma abokan Ayuba da aka kwatanta da rafin da yake cika da damina ya ƙafe da rani ba sa bukatar sharhi a ƙasar Gwarzo. Wasu kuwa a juye suke. A Falasɗinu ruwan sama yana zuwa ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, shi ya sa Waƙar Waƙoƙi ta haɗa wucewar hunturu da ɗaukewar ruwa a numfashi ɗaya, abin da manomin Kabo zai ga kamar ruɗani. Hadarinsu daga yamma yake tasowa, daga teku, iskar gabas kuma ita ce mai ƙona amfanin gona. Mu kuwa gabas muke duba in muna jiran ruwa. Wanda ya karanta iskar gabas a matsayin bushara ya kifar da ma'anar annabi.

Gaɓoɓin jiki ma haka. Zuciya a Ibrananci mazaunin tunani da shawara ce, ƙoda kuma ita take ɗaukar abin da muke sa wa ciki in mun ce farin ciki ko baƙin ciki. Hanci mazaunin fushi ne, mai dogon hanci shi ne mai jinkirin fushi, alhali a wurinmu dogon hanci kyau ne. Kalmar nefesh, 'yar'uwar nafsu ta Larabci, tana nufin rai, tana kuma nufin maƙogwaro, don haka mai kuka a farkon Zabura 69 ruwa ne ya kai masa wuya. A irin waɗannan wurare jerin sarƙen kansa shi ne ƙamus na farko, domin abokin kalma a ɗaya gidan yakan nuna fuskar da aka nufa.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa aruli da amsa-amo ba su da abin kamawa a waƙar Ibraniyawa ta dā, kuma jerin sarƙe da amshi da tagwayen kalmomi, waɗanda su ne kayan aikinta, suna nan da rai a karin magana da waƙar baka ta Hausa. Daga nan muke ba da shawarwari uku. Na farko, masu koyar da waɗannan littattafai da Hausa, a kwaleji ko a makarantar horon fastoci, su fara da karin magana da waƙar da ɗalibi ya sani kafin su kawo sunan Lowth. Na biyu, masu fassara su riƙa auna aikinsu da baki a gaban masu sauraro, su rage kalmomin cika wuri, su kiyaye tsarin gida biyu, su guji matsa wa nassin amsa-amo, domin neman ƙafiya yakan sa a sauya kalmar da ma'anar take rataye a kanta. Na uku, sassan Hausa da na Larabci da na nazarin addinai su haɗa hannu a kan kwatanta jerin sarƙe a harsunan uku. Waƙoƙin daka da niƙa na matan yammacin Kano sun cancanci a fara da su, tun da injin niƙa yana rage masu rera su kowace shekara.